Kula da Tsofaffi a Wagadugu: Iyali, Maƙwabta da Coci a Yankin Kossodo

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Burkina Faso, kamar yadda yake a ƙasar Hausa, mutum yana tsufa ne a hannun 'ya'yansa. Su ne za su ci da shi, su sha da shi, su kai shi asibiti idan ya kwanta ciwo, su kuma binne shi idan ta Allah ta kasance. Sai dai zaman birni ya sa wannan nauyi ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Wannan maƙala tana bayani ne a kan yadda ake kula da iyaye tsofaffi a arewacin birnin Wagadugu, musamman yankin Kossodo da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi. Za a duba matsayin tsoho a cikin iyali, da abubuwan da suka canja, da kuma irin taimakon da coci-coci suke kai wa cikin unguwa. Abin da zai fito fili shi ne, taimakon coci yana da iyaka, kuma ya fi amfani a inda ya ƙarfafa wa iyali gwiwa ko ya mayar da tsoho cikin danginsa.

2.0 Kossodo da unguwannin da ke kewaye

Wagadugu ita ce babban birnin Burkina Faso, kuma cibiyar sarautar Mosawa, inda fadar sarkinsu, wato Mogho Naaba, take. A lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai daga Faransa a 1960, mutanen birnin ba su wuce kimanin 60,000 ba. A ƙidayar 2019 an sami mutum fiye da miliyan 2.4. Yawancin wannan ƙari ya sauka ne a bayan gari.

Kossodo tana arewa maso gabashin birnin, a kan hanyar da ta nufi Ziniare da Kaya. An san ta da masana'antu, da babbar mayankar dabbobi ta birnin, da tashar samar da wutar lantarki, da kuma gidajen kwanan ɗaliban jami'a. Saboda haka wuri ne na leburori, da mahauta, da dillalan dabbobi, da mata masu sayar da abinci a bakin hanya. A kusa da ita akwai unguwanni irin su Somgande, da Tanghin, da Polesgo, da Nioko 2.

Mutanen Wagadugu sun raba unguwanninsu gida biyu. Akwai waɗanda hukuma ta yanka filayensu, ta fitar da tituna, ta ba da takardu. Su ake kira "loti" da Faransanci. Akwai kuma waɗanda ba a yanka ba, wato "non loti", inda mutane suke gina ƙananan ɗakunan ƙasa suna jiran ranar da hukuma za ta zo rabon filaye. Tanghin tana cikin kashi na farko, Polesgo da Nioko 2 suna cikin na biyu. Tun daga 2008 cibiyar nazarin yawan jama'a ta Jami'ar Wagadugu, wadda ake kira ISSP, take bin diddigin haihuwa da mutuwa da ƙaura a unguwanni 5 na arewacin birnin, kuma waɗannan uku suna cikinsu. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga tsoho, domin ɗaki ɗaya ko biyu na "non loti" ba ya ɗaukar miji da mata da 'ya'ya har da kaka.

2.1 Zangon Hausawa

Hausawa sun daɗe a Wagadugu. Fatake ne suka fara sauka a ƙasar Mosi a zamanin fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Unguwarsu ta asali a tsakiyar birnin ita ce Zangouettin, sunan da ya samo asali daga kalmar "zango". A 2003 hukuma ta rushe wannan unguwa da wasu na kusa da ita a ƙarƙashin wani shiri na faɗaɗa cibiyar kasuwanci mai suna ZACA. An ba mazauna filaye a Ouaga 2000 da Nioko, wasu kuma suka watsu cikin sauran unguwanni. Wanda ya fi jin wannan a jikinsa shi ne tsoho. Matashi yana iya hawa babur ya ziyarci abokinsa a ko'ina, amma dattijon da ya shekara 50 yana salla a masallaci ɗaya, yana hira a dandali ɗaya, idan aka raba shi da maƙwabtansa an raba shi da rabin rayuwarsa. Wannan misali ya nuna cewa kula da tsoho ya haɗa da unguwar da yake zaune, ba cikin gida kaɗai ba.

3.0 Matsayin tsoho a cikin iyali

A al'adar Mosawa, gida shi ake kira "zaka" da harshen Moore, dangi kuma "buudu". Ana bin dangantaka ta wajen uba, kuma mace tana tarewa a gidan mijinta, sau da yawa a wani ƙauye dabam da nasu. Dattijon gida shi ne mai rabon gona, shi ne mai ba da aure, shi ne mai sulhu. Tsohuwa kuwa ita ce mai rainon jikoki, da wankan jego, da sanin magungunan gargajiya. Kaka, namiji ko mace, ana kiransa "yaaba", kuma akwai wasa tsakanin kaka da jika kamar yadda yake a ƙasar Hausa.

Tushen wannan zama shi ne ramuwa. A sassa da yawa na Afirka ta Yamma ana cewa, wanda ya raine ka har haƙoranka suka fito, kai ma ka raine shi har nasa su zube. Addinai ma sun ƙarfafa haka. Ƙidayar 2019 ta nuna Musulmi su ne kashi 63.8 cikin 100 na jama'ar ƙasar, mabiya ɗariƙar Katolika kashi 20.1, masu addinin gargajiya kashi 9, sauran Kiristoci 'yan Furotesta kuma kashi 6.2. Musulmi yana samun umarnin kyautata wa iyaye a cikin Suratul Isra'i, Kirista yana samunsa a cikin Dokoki Goma. A Wagadugu ba abin mamaki ba ne a sami gida ɗaya wanda uba Musulmi ne, wata ɗiya Bakatolika, wani ɗa kuma yana zuwa cocin Assemblies of God. Irin waɗannan 'yan'uwa sukan haɗa kuɗin maganin tsohuwarsu ba tare da duba addinin juna ba.

4.0 Abubuwan da suka canja

Abu na farko shi ne rashin fansho. Akwai hukumomi biyu masu biyan fansho a ƙasar: CARFO ta ma'aikatan gwamnati, da CNSS ta ma'aikatan kamfanoni. Manomi, da mahauci, da mai sayar da ƙosai, ba su cikin ko ɗaya daga ciki sai wanda ya yi rajista da kansa, kuma irin waɗannan su ne mafi yawan jama'a. Idan ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya su ne fansho.

Abu na biyu shi ne yawan yara. A ƙidayar 2019, kimanin kashi 45 cikin 100 na mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Magidanci mai ƙaramin albashi yana tsakanin kuɗin makarantar 'ya'yansa da kuɗin maganin hawan jini na mahaifiyarsa. A 2016 gwamnati ta fara ba da magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu. Wannan ya rage wa iyalai nauyi ta gefe ɗaya, amma cututtukan tsufa, irin su ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido, suna bukatar kuɗi wata bayan wata.

Abu na uku shi ne tafiya neman kuɗi. Tun zamanin mulkin mallaka samarin Mosawa suke tafiya gonakin koko da kofi a Kwaddebuwa da Gana. A 'yan shekarun nan kuma wuraren haƙar zinariya sun ɗebe wasu. Ɗa yana iya aiko da kuɗi ta waya, amma kuɗi ba ya ɗaga tsoho daga tabarma, ba ya yi masa wanka.

Abu na huɗu shi ne rashin tsaro. Tun daga 2015 hare-haren 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyuka a arewa da gabashin ƙasar. A watan Maris na 2023 hukuma ta ƙidaya fiye da mutum miliyan 2 da suka bar gidajensu. Garin Kaya ya karɓi da yawa daga cikinsu, wasu kuma suka biyo hanya har bayan garin Wagadugu, suka sauka a wajen dangi. Tsohon da ya bar gonarsa da rumbunsa da kaburburan iyayensa ya koma baƙo a ɗakin ɗansa.

5.0 Coci a cikin unguwa

Limaman Katolika da ake kira Fararen Fada sun kafa mishan a Koupela a 1900, sannan a Wagadugu a 1901. 'Yan mishan na Assemblies of God daga Amurka sun iso a 1921. A 1977 bishop-bishop na ƙasar, wadda a lokacin ake kira Haute-Volta, suka yanke shawarar tsara ikilisiya a matsayin "Iyalin Allah". Wannan ra'ayi ya sami karɓuwa har babban taron bishop-bishop na Afirka da aka yi a Roma a 1994 ya ɗauke shi.

A aikace, abin da wannan yake nufi shi ne an rarraba kowace ikilisiya zuwa ƙananan ƙungiyoyi na unguwa, waɗanda ake kira CCB a taƙaice. Kowace ƙungiya ta ƙunshi gidajen Kiristocin da suke maƙwabtaka da juna. Suna taruwa a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu, su yi addu'a, su karanta Littafi Mai Tsarki, sannan su tattauna matsalolin unguwa. A nan ne ake jin labarin tsohuwar da ta kwana biyu ba a gan ta a bakin famfo ba, ko dattijon da ruwan sama ya kayar masa da katanga.

Taimakon da irin waɗannan ƙungiyoyi suke yi ƙarami ne, amma na kullum. Akwai ziyarar marasa lafiya. Akwai karo-karo na kuɗi ko na hatsi. Akwai kai wa tsohon da ba ya iya zuwa coci jibin Ubangiji har gida. Matasa sukan ɗebo ruwa ko su gyara rufin ɗaki, mata kuma su yi shara da wanki da girki. Idan an yi rasuwa, su ne masu kawo kujeru da rumfa da abincin baƙi. Wanda ya san arewacin Nijeriya zai ga kamar aikin Zumuntar Mata ne, wato ƙungiyar matan coci da ake samu a Jos da Kaduna da Zariya da sauran garuruwa. A sama da waɗannan ƙananan ƙungiyoyi akwai manyan hukumomin agaji: ta Katolika ita ce OCADES, ta cocin Furotesta kuma ODE. A 2021 Fafaroma Francis ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli a matsayin ranar kakanni da tsofaffi.

Musulmin unguwa su ma suna da tasu hanyar: zakka, da sadaka, da cigiyar wanda ba a gani a sahu ba, da ziyarar dubiya. Sau da yawa hanyoyin biyu suna haɗuwa a gida ɗaya. Ranar Babbar Salla Musulmi yakan aika wa maƙwabcinsa Kirista nama, ranar Kirsimeti kuma kwanon shinkafa ya dawo. Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take, kuma a nan ƙafar maƙwabci ta fi ta ɗan'uwan da ke Abijan saurin isowa.

Duk da haka, akwai abin da maƙwabci ba ya iya yi. Ba shi da hurumin yanke shawarar kai tsoho asibiti a yi masa aiki, ba zai kwana yana juya shi a kan gado wata da watanni ba. Akwai kuma kunya: iyalai da yawa ba sa so a san sun gaza, domin a ce coci ce take ciyar da mahaifiyar wane abin gori ne. Saboda haka mai kai taimako yakan bi ta hannun ɗa ko suruka, don kada a zubar wa gida mutunci.

6.0 Cibiyar Delwende

Misali mafi tsanani na tsohon da iyali suka saki shi ne na matan da ake zargi da maita. A wasu yankunan ƙasar Mosi, musamman lardin Passore inda garin Yako yake, idan yaro ko matashi ya mutu ba zato, akan nemi wanda ya "ci kurwarsa". Akwai al'adar da maza suke ɗaukar gawa, ko wani abu da ke wakiltarta, suna zagayawa, a ce gawar ce take jan su zuwa ga mai laifi. Wadda abin ya faɗa wa sai ta bar ƙauyen nan take.

Idan aka duba waɗanda ake zargi, za a ga sun yi kama da juna. Yawancinsu mata ne da suka manyanta, da yawa mazansu sun mutu, ba su da ɗa namiji mai ƙarfin da zai tsaya musu. Tun da mace baƙuwa ce a ƙauyen mijinta, ba ta da dangi a kusa. Mace-macen da ake ɗora musu kuwa sau da yawa na cututtuka ne sanannu, irin su sanƙarau, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro.

A unguwar Tanghin aka buɗe wata cibiya a tsakiyar shekarun 1960 wadda ta zama mafakar irin waɗannan mata. Sunanta Delwende, wato "jingina ga Allah" da harshen Moore. Sistocin Katolika da ake kira Fararen Sistoci su ne suka shahara da kula da ita. Ɗaruruwan mata sun zauna a cikinta, masu addini daban-daban. Suna kaɗin auduga, suna noman rani na kayan lambu, suna sayarwa su sami abin sayen sabulu da cefane. A 2005 mai shirya fim S. Pierre Yameogo ya fitar da wani fim mai suna Delwende a kan wannan matsala, aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa.

Ranar 1 ga Satumba, 2009, aka yi ruwan sama na kimanin milimita 263 a Wagadugu cikin yini guda. Ambaliyar ta shafi mutum kimanin 150,000, ta kuma mamaye cibiyar, wadda take kusa da madatsar ruwa. Daga baya aka mayar da ita Sakoula, a arewacin bayan gari.

Cibiyar tana ba da ɗaki da abinci da magani, amma ba ta iya ba tsohuwa jikokinta. Ga mace Bamosa, mutuwa a wajen dangi, ba tare da jana'iza irin ta al'ada ba, babban abin baƙin ciki ne. Wannan ne ya sa masu aikin suka mayar da hankali ga sulhu.

7.0 Doka da sulhu

A watan Satumba na 2015 majalisar riƙon ƙwarya ta ƙasar ta kafa doka a kan cin zarafin mata, wadda ta haɗa da korar mace bisa zargin maita. A watan Oktoba na 2016 aka kafa wata dokar ta kare haƙƙin tsofaffi. Sabon kundin hukunta laifuffuka na 2018 ya tanadi ɗauri da tara ga mai zargin wani da maita. A shekarar 2016 ɗin ce kuma Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniya a kan haƙƙin tsofaffi a Adis Ababa.

Doka tana iya hukunta mai kora, amma ba ta iya sa maƙwabta su sake cin abincin wadda aka kora. Saboda haka hukumar Adalci da Zaman Lafiya ta cocin Katolika, tare da ma'aikatar jin daɗin jama'a da sarakunan gargajiya, suke bin hanyar lallashi. Akan fara da neman ɗa ko ɗiya ko jika wanda zuciyarsa take wajen tsohuwar. Sannan a je wajen mai gari da dattawan dangi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Idan ƙauyen miji ya ƙi, akan nemi dangin ubanta, ko a sama mata ɗaki kusa da ɗanta a birni. Aikin yana cin lokaci, kuma ba kullum ake dacewa ba. Wasu matan sun koma gida, wasu sun rasu a cibiyar.

8.0 Wasu kalmomi da suka shafi batun

"Tsoho" da "tsohuwa" suna nufin mai yawan shekaru, jam'insu "tsofaffi". A bakin matasa, "tsohona" da "tsohuwata" suna nufin mahaifina da mahaifiyata. "Dattijo" ya ƙunshi shekaru tare da mutunci, shi ya sa ake cewa wane ya yi "dattako". Ba a kiran babba da sunansa kai tsaye. Akan ce Baba, ko Inna, ko Iya, ko Kaka, ko Alhaji da Hajiya, ko da babu dangantakar jini. "Dubiya" ita ce ziyarar mara lafiya, "jinya" kuwa zama da shi ana kula da shi. "Maye" namiji ne, "mayya" mace, jam'i "mayu", aikin kuma "maita". "Kurwa" ita ce abin da aka yi imani maye yana kamawa. "Coci" tana nufin gini da kuma jama'a, "majami'a" gini ne, "ikilisiya" kuma jama'ar masu bi.

9.0 Kammalawa

An ga cewa a Kossodo da unguwannin da ke kewaye da ita iyali ne ginshiƙin kula da tsoho, amma ƙuncin muhalli, da rashin fansho, da tafiye-tafiyen 'ya'ya, da gudun hijira sun raunana shi. Ƙananan ƙungiyoyin coci, da jama'ar masallaci, da maƙwabta suna toshe wasu kafofi ta hanyar ziyara da karo-karo da aikin hannu. A inda iyali suka saki tsohuwa gaba ɗaya, cibiya irin Delwende takan karɓe ta, sannan a shiga neman hanyar mayar da ita. Hausawa suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jinkar tsoho a Wagadugu tana bukatar hannun 'ya'ya, da na maƙwabta, da na hukuma, amma hannun 'ya'ya shi ne wanda idan ya janye, sauran suke shan wuya kafin su cike gurbinsa.